Tsakanin Laulayi da Nauyi: Watannin Tsakiyar Ciki



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, malamanmu, da ku magidanta da kuka ajiye fartanya kuka zauna can baya, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka amsa gayyata a lokacin da kowa hankalinsa yana gona. Na ga fuskoki daga Bakori da Ɗanja, an kuma ce mini akwai waɗanda suka taso tun daga Ƙafur da Malumfashi. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi magana a kan wata na huɗu da na biyar da na shida na ciki. A lissafinmu na asibiti muna ƙirga ciki daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, mako 40 gaba ɗaya, watannin tsakiya kuwa su ne daga mako na 14 zuwa ƙarshen na 27. Na daɗe ina aikin ungozoma, kuma a duk watannin ciki babu waɗanda nake jin ciwon yadda muke wasa da su kamar waɗannan ukun. Dalili shi ne su ne watannin daɗi. Amai ya tsaya, warin girki ya daina tayar da zuciya, abinci yana shiga, barci yana yiwuwa, cikin kuma bai yi nauyin da zai hana tashi da zama ba. Uwar miji ta dubi sarakuwarta ta ce, "Alhamdu lillahi, ciki ya zauna." Gaskiya ta faɗa, domin yawancin ɓari a watanni ukun farko yake aukuwa. To amma daga "ciki ya zauna" sai kowa ya kau da kai. Turmi ya dawo hannunta, guga ya dawo hannunta, a ajiye zancen awo sai ciki ya tsufa.

Ku manoma ne, kun fi ni sanin cewa masarar da ba a yi mata noma da taki a kan kari ba, ko buhu nawa aka zuba mata bayan ta fitar da kai, ɓarnar ta riga ta auku. Watannin nan uku su ne lokacin noma da takin ciki.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ɓoye. A farkon wata na huɗu ɗan tayi bai wuce tsawon yatsa ba, amma gaɓoɓinsa duk sun fito, aikin da ya rage girma ne da ƙwari. A mako na 20 nauyinsa ya kai wajen giram 300. A mako na 24 ya kai wajen 600. Kafin a shiga mako na 28 yana neman kilo ɗaya. Zuciyarsa tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti guda, kusan ninkin ta uwarsa, shi ya sa idan malamar awo ta kara na'ura a cikinki sai ki ji kamar sukuwar doki. Wajen wata na shida yana jin sauti. Muryarki yake fara sani, yana jin karatunki, yana kuma jin hayaniyar gida idan ana yi.

Motsi yakan fara tsakanin mako na 16 da na 20. Wadda ta saba haihuwa ta fi saurin gane shi. Mai cikin fari takan ɗauka iska ce ke yawo a cikinta, sai ya ƙara ƙarfi ta tabbata. Malamanmu sun karantar da mu cewa ana busa rai bayan kwana 120. Idan aka ɗora wannan a kan lissafin asibiti, yana faɗawa wajen mako na 19, daidai lokacin da mata da yawa ke jin motsin farko. Duk sanda yarinya ta kama hannuna ta ɗora a cikinta tana cewa, "Malama, ji, ji!" sai na ji tsigar jikina ta tashi, har yau ban saba ba. Idan kin wuce mako na 24 ba ki taɓa jin motsi ba, ki zo a duba.

Ke kuma, ga abin da za ki gani a jikinki. Mahaifa tana hawa sannu a hankali, a mako na 20 ƙoƙonta ya kai cibiya. Daga nan duk mako tana ƙara wajen santimita ɗaya, abin da malama ke aunawa ke nan da tef ɗinta. Baƙin layi zai fito daga cibiya zuwa mara, kan nono ya ƙara duhu, wasu fuskarsu ta yi dabbare-dabbare, nankarwa ta zana ciki da cinya. Babu man da zai hana wannan, kuma yawancinsa yana dusashewa bayan haihuwa. Don Allah kada ki shafa man bilicin a kansa. Za ki ji suka a gefen mara idan kin juya da sauri ko kin yi atishawa, jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa ne ke miƙewa. Ƙwannafi zai zo, bayan gida ya yi tauri, wata basir ya taso mata. Dasashi yakan yi jini wajen asuwaki, wata ta yi haɓo, jijiyar sha-raɓa ta ɗaure cikin dare. Jiri ma yakan zo idan kin miƙe zumbur, saboda a tsakiyar ciki awon jini yakan ɗan sauka. Wani lokaci cikin ya ƙulle tamau, ba ciwo, ya saki. Duk waɗannan na hanya ne. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ki kwanta da zarar kin gama cin tuwo, ki yawaita ruwa da ganye, ki saba kwanciya a gefe tun yanzu. Kwanciyar aure ma babu laifi, sai fa in akwai zubar jini ko likita ya hana.

Yanzu na zo inda zan daɗe, wato maganar jini.

Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi. Sai dai ruwan jinin ya fi ƙwayoyinsa saurin ƙaruwa, kamar a ƙara wa kunu ruwa ba a ƙara gasara ba. Ga ɗan cikin kuma yana ɗibar sinadarin ƙarfe daga jikinta yana tarawa. Wadda ta shiga ciki da isasshen jini za ta jure. Amma mu nan mata nawa ne ke shiga ciki da isasshen jini? Babban binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin mata masu ciki 100 a Nijeriya, 61 suna da ƙarancin jini. Wannan binciken dai ya nuna 18 kacal cikin 100 ne ke fara awo a watanni ukun farko. Macen da ta je naƙuda da cikakken jini, ko ta zubar da wani abu za ta tashi. Wadda ta je da rabi, zubar da ba ta kai ta kawo ba sai ta tafi da ita. Jinin da za a nema ranar haihuwa kuwa a watannin nan ake tara shi, domin ƙwayar ƙarin jini tana son makonni kafin aikinta ya bayyana.

Wannan ilimi ba daga nesa aka kawo mana shi ba. A nan kusa da mu, a Zariya, tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito ƙarara shi ne, matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawowa, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A wannan asibitin dai, Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini, ya yi gwaji da mata 200 masu cikin fari, ya tabbatar da cewa zazzaɓin cizon sauro shi ne babban mai shanye jininsu, kuma maganin rigakafinsa yana tare wannan ɓarna. Akwai wani abu da suka gano wanda nake so iyaye mata su riƙe. 'Yan matan da suka ɗauki ciki da ƙuruciya, da aka ba su rigakafin zazzaɓi da ƙwayoyin ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Ma'ana, yarinyar da kika aurar tana shekara 15 ko 16 ita kanta ba ta gama girma ba, ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba, mutum biyu ne ke girma da kwanon tuwo ɗaya. A wancan zamanin asibitin Malumfashi ma reshe ne na wannan asibitin koyarwa, kuma a ƙauyukan Malumfashi aka yi wani dogon bincike kan cututtukan karkara a shekarun 1970. Da jinin iyayenmu da kakanninmu aka rubuta abin da duniya ke karantawa yau, bai kamata a ce mu ne na baya wajen amfani da shi ba.

Sauro yana da wata muguwar dabara a jikin mai ciki. Ƙwayar cutar takan je ta maƙale a mabiyiya, inda abinci ke ratsawa zuwa ga ɗa. Uwa tana yawo, jikinta ba zafi, ko an gwada jinin yatsa wani lokaci ba a ga komai ba, alhali ana can ana cinye jininta ana tauye ɗanta. Sai a haife shi ɗan mitsitsi, ko bakwaini, ko a rasa shi. Saboda haka ake ba da Fansidar, ƙwaya uku a haɗiye gaban malama, ko kina jin lafiyarki garau. Ba a ba da shi a watanni ukun farko. Daga mako na 13 ake farawa, a bar aƙalla wata ɗaya tsakani, kuma ana so ki samu aƙalla sau uku kafin haihuwa. Kun ga wadda ta fara zuwa awo a wata na takwas ta riga ta yi asarar mafi yawan wannan kariya. In kina shan Septrin kullum, ko maganin ya taɓa fesa miki ƙuraje, ki faɗa wa malama kafin ki sha.

Ku lissafa tare da ni. Wadda ta ɗauki ciki a watan Maris, watanninta na tsakiya su ne Yuni da Yuli da Agusta. Ruwa ya sauka, masara ta rufe bayan gida, kududdufai sun cika, sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin maigida duk sun tafi taki da maganin feshi, hanyar ƙauye ta yi laka. Lokacin da ta fi bukatar kulawa shi ne lokacin da gidan ya fi shiga matsi. Wadda ta ɗauka a Yuli kuma, nata suna faɗawa cikin kaka, lokacin ɓarar masara, sussukar dawa, roron wake, ɗibar auduga da barkono, yini guda a duƙe cikin rana. Ban ce mai ciki ta kwanta ba, motsa jiki yana da amfani, shara da girki da tafiya duk ta yi. Abin da nake roƙo shi ne a ɗauke mata buhu da tulu da dogon daka, a bar ta ta huta da rana, gidan sauro kuma a ɗaura shi a kan gadonta kowane dare, a daina kai shi lambu ana kare tumatir da shi.

Tunda na ambaci feshi, magidanta ku saurara. Maganin ciyawa da na ƙwarin auduga da wake guba ne. Na sha shiga ɗaki in tarar da galan ɗinsa a ƙarƙashin gadon mai ciki. Na ga inda ita ce ke wanke rigar da aka yi feshi da ita, da hannunta, ba safa. Na ga inda aka ɗauraye robar aka mayar da ita ta man gyaɗa. Ka ajiye maganinka nesa da ɗakin kwana, ka wanke kayan feshinka da kanka, buhun da ka sa wa ƙwayar adana hatsi kuma kada ya kwana ɗaki ɗaya da ita.

Abinci kuwa, Allah ya yi mana arziki a wannan yanki. Waken suya da tireloli ke kwasa daga Funtuwa da Ɗandume zuwa kudu, shi ne awarar da za ta gina jikin matarka. Ga wake, ga gyaɗa, ga daddawa, ga zogale da rama da alayyafo da kuka, ga ƙwai a akurki, ga nono in an dafa shi. Abin da ake so ta ƙara a kan cinta na da bai wuce kamar kwano ɗaya na fura da nono ko ɗan wake a yini ba, amma ya zama kullum. A haɗa da lemo ko gwaiba ko tumatir, suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe. Shayi da goro kuwa suna hana shi, a raba su da lokacin cin abinci da shan ƙwaya. Idan kin ji kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara ya addabe ki, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, ki faɗa a wurin awo. In azumi ya riske ki kuma kina jin tsoro wa kanki ko ɗanki, addini ya yi miki rangwame, ki tambayi malamai yadda za ki yi.

Na san abin da ake faɗa a tsakar gida: wai ƙwayar asibiti tana sa ɗa ya yi ƙato, haihuwa ta yi wuya. Iyayena, na fahimci tsoron, domin kun ga doguwar naƙuda da idonku. Amma ƙwayar jini take ƙarawa, ƙarfin yunƙuri take ba uwa. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. In tana tayar miki da zuciya, ki sha da dare bayan abinci. Haka nan jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da kanwa da ƙwayoyin da ake saya a faranti a kasuwa, ba mu san adadin abin da ke cikinsu ba, ɗan cikin kuma duk abin da kika sha ya sha.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Cikin fari ne, wata shida. Kwana uku tana cewa kanta na sarawa, zoben hannunta ya ƙi fita, fuskarta ta cika. Mutanen gida suka ce ciki ya karɓe ta, ta yi kyau. Daren na huɗu ta faɗi tana jijjiga. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi har asuba, saboda maigidan yana wajen cin rani kuma babu wanda ya isa ya ce a fita da ita. Da aka kawo mana ita, mun samu ita ta rayu, ɗan bai rayu ba. Abin da zai nuna wannan ciwo tun da wuri awon hawan jini ne na minti biyu da gwajin fitsari.

Wannan ciwon daga mako na 20 yake fara bayyana. Idan awo ya kai 140 bisa 90, an shiga haɗari, ko da mace ba ta jin komai. Ya fi kama mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda ta haura shekara 35 zuwa 40, da wadda ta taɓa yin sa. Kumburin ƙafa da yamma wanda ke saɓewa da safe ba abin tsoro ba ne. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙahon zuci, waɗannan ba a kwana da su a gida. Haka zubar jini ko da ɗigo ne, da fashewar faya kafin lokaci, da zazzaɓi, da zafin fitsari, da ciwon mara mai zuwa yana dawowa, da ɗan da ya saba motsi ya yi shiru. In har jijjiga ta zo, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko ruwa a baki, a nemi mota nan take. A yi addu'a a cikin motar. Akwai allurar da ke tsayar da jijjiga, kuma a asibiti take.

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas: na farko kafin mako na 12 ya wuce, sannan a na 20, da na 26, sauran biyar a watannin ƙarshe. Ta kuma ce a yi hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24. Mutane suna zuwa hoto don su ji mace ce ko namiji, amma babban amfaninsa shi ne sanin ainihin kwanakin ciki, da ko tagwaye ne, da inda mabiyiya ta zauna. A watannin nan ne kuma ake allurar tsinkau-tsinkau, biyu, mako huɗu tsakani, don kare jariri daga ciwon da ke shiga ta cibiya, a ba da maganin tsutsar ciki, a gwada rukunin jini da sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Wadda ta taɓa haifar ƙaton ɗa ko akwai ciwon suga a danginsu, a gwada ta tsakanin mako na 24 da na 28. Mu ma'aikata ma ina roƙonmu: yarinyar da ta danne kunyar cikin fari ta zo, kada mu tarbe ta da tsawa, domin in ta tafi ba za ta dawo ba.

Maganata ta ƙarshe ga maza ce da iyayen miji. Kowa ya san halin da hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suka shiga a shekarun nan, fitar dare ta zama abin tsoro. Don haka shirin haihuwa a wata na shida ake yin sa, tun tana da ƙarfi. A yanke shawarar inda za ta haihu. A san mai motar da za a kira, a riƙe lambarsa. In kaka ta yi, a ware buhu ɗaya a ce wannan na haihuwa ne. A san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in an nema. Wadda gidanta ke da nisa kuma an ce cikinta na da haɗari, a shirya mata wurin zama kusa da asibiti a Funtuwa ko Malumfashi kafin watanta ya kama. Mai tafiya goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da katinta, ta ci gaba da awo a can.

Maigida, kafin ka tafi kasuwa ko cin rani, ka tara mahaifiyarka da ƙanenka da matarka, ka faɗa da bakinka cewa duk ranar da ta ga ɗaya daga alamun nan, ka ba da izini a kai ta asibiti ko ba ka nan. Ke kuma ƙanwata da ke zaune a nan da cikin wata huɗu ko biyar ba ki yanki kati ba, ranar awo mai zuwa ki je. In kunya ce ta hana ki, ki kama hannun yayarki ku tafi tare.

Allah ya raba ku lafiya.